Karta ga yara ƙanana: a koya musu ko a bari?

Maman Hanan (Jidda): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. An ba yara dogon hutu, ga zafin nan da ba ya barin kowa ya leƙa waje sai bayan la'asar, wata rana ma sai magariba. Mu kuwa ɗaki biyu ne da falo, ba tsakar gida. Yarana uku, babbar shekararta takwas, mai bi mata shida, autan huɗu. Tun safe har dare rigimarsu ɗaya ce, wa zai riƙe jawwal, wato waya. In na ƙwace a yi ta kuka, in na bari sai in ga idon autan ya yi jawur. Na ga kwalin karta a shagon abu riyalain, mai kayan araha, da ke ƙasan gidanmu, sai na ce ko in saya in koya musu wani wasa mai sauƙi da za mu zauna mu yi tare. Ni Whot kaɗai na iya, shi ma tun muna yara a Zariya. Wane wasa ne ɗan shekara huɗu zai iya ganewa?

Baban Walid (Riyad): Wa alaikumus salam Hajiya. Ai Whot ɗin ma ya isa, in kin samu mai zuwa Umara ya taho miki da shi daga gida. Kati 54 ne, alama biyar: mai ƙwallo, mai dala, mai akwati, mai tauraro, sai wanda yarana ke ce wa alamar tarawa. Abin da za ki yi, ki ajiye duk dokokin nan masu zafi a gefe tukuna. Kar ki ce 2 a ɗauki biyu, 5 a ɗauki uku, 14 kowa ya tafi kasuwa. Ki cire masu lamba 20 ɗin nan guda biyar. Doka ɗaya tak za ki bari: ka ajiye mai alama irin ta ƙasa ko mai lamba irin ta ƙasa, in ba ka da shi ka je kasuwa ka ɗauki ɗaya. In ba a samu Whot ba, Uno na nan a kantin littattafai na Jarir da ko'ina, tafiyarsu kusan ɗaya ce, sai dai shi da launi ake bi.

Malama Ummu Rayyan (Madina): Baban Walid, wannan zai yi wa mai takwas da mai shida, amma ya yi wa autan nauyi. Ɗan shekara huɗu ba ya iya riƙe abu biyu a kai lokaci guda, ya duba alama kuma ya duba lamba. Hannunsa ma ba ya riƙe kati biyar, zubewa suke yi, in ma ya riƙe kowa na ganin abin da ke hannunsa.

Maman Hanan, ƙanana nake koyarwa, ga abin da nake fara musu da shi. Ki zaɓi kati 12, biyu-biyu masu lamba ɗaya. Ki kife su a kan darduma, layi uku, huɗu a kowane layi. Yaro ya buɗe biyu. In sun zo ɗaya ya kwashe abinsa ya sake buɗewa, in ba su zo ɗaya ba ya mayar ya kife a inda suke, na kusa da shi ya karɓa. Shi ke nan wasan. Ba riƙewa, ba ɓoyewa, ba karatu. Ki lura da “a inda suke” ɗin nan, don nan ne suke ɓatawa, sai yaro ya kife katin a wani wuri daban, duk abin da sauran suka haddace ya rushe. Ranar farko kar ki damu da wa ya ci. Ki dai samu ya iya jiran layinsa ba tare da ya kai hannu ba. Wallahi wannan jiran shi ne rabin abin da muke fama da shi a aji.

In ya saba, sai ki ƙara zuwa 16, sannan 20.

Hajiya Babba (Makka, Shari' Mansur): 'Ya'yana, ni fa tunda na ga an rubuta karta gabana ya faɗi. Maman Hanan, 'yata, duk wasannin duniya ki rasa wanda za ki sa a hannun ɗan shekara huɗu sai wannan? Mu da muka taso a Kano, in aka ce wane ɗan karta ne, ko aure ba a ba shi. Ƙanin maigidana, Allah ya jiƙansa, tela ne gwani, da tsinken ashana suka fara a zaure suna samari. Daga ashana aka koma sigari, daga nan aka koma kuɗi. A kan idona aka zo aka ɗauki keken ɗinkinsa, matarsa na tsaye a bakin ƙofa da goyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da ya saba da cakuɗa takardun nan tun yana ƙarami, ranar da ya ga ana yi a istiraha, gidan shaƙatawa, ba zai ji baƙunta ba, zama zai yi.

Maman Hanan (Jidda): Allah ya jiƙansa Hajiya. Wallahi ban kawo wannan a raina ba, ni dai jawwal ɗin ne ya ishe ni. Malam Abu Huzaifa, in kana kusa a taimaka mana.

Malam Abu Huzaifa (Makka): Ina biye da ku. Akwai wurin da babu saɓani, akwai wurin da malamai suka rabu, bai kamata a cakuɗa su ba. In aka sa wani abu wanda mai ci zai ɗauka daga hannun wanda aka ci, ko riyal ɗaya ne, ko alewa ce, wannan caca ce, haramcinta na cikin Suratul Ma'ida aya ta 90. Aya ta 91 kuma ta faɗi dalili: Shaiɗan na son ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakani, ya kange mutane daga ambaton Allah da salla. Wannan kowa ya yarda.

In babu kuɗi fa? Manyan malaman ƙasar nan, kwamitin fatawa na Lajnatud Da'ima da Shaikh Bin Baz da Shaikh Usaimin, Allah ya jiƙansu, sun hana karta ko da ba a sa komai ba, saboda tana cinye lokaci, tana shagaltarwa daga salla, kuma hanya ce zuwa caca. Wasu sun haɗa ta da nardu, wasan da ake jefa ɗan lido, wanda hadisi a Sahihu Muslim ya kwatanta mai yin sa da wanda ya tsoma hannu a naman alade da jininsa. Akwai kuma malamai na wannan zamani da suka halatta da sharaɗi: ba kuɗi, ba sakaci da wajibi, ba zagi da rantse-rantse. Ni a gidana ba na ajiye ta. Amma ba zan ce wa wadda ta zauna da 'ya'yanta suna haɗa bakwai da bakwai ta yi caca ba, don ba ta yi ba.

Baban Walid (Riyad): Allah ya gafarta Malam, ina girmama maganarka. Amma mu dubi inda muke. Wasan kartar nan, Balot, ya zama ruwan dare a ƙasar nan, kati 32, mutum huɗu, biyu na haɗa kai da juna. A 2018 hukuma da kanta ta shirya gasarsa a nan Riyad, har Shaikh Adil Alkalbani, wanda ya taɓa jan tarawihi a Harami, ya je wurin, aka yi ta surutu a kai. Yaron da ya taso a nan zai gamu da karta ko mun so ko mun ƙi. Sannan wannan jawwal da muke ganin kamar ya fi sauƙi, kun duba wasannin da ke ciki kuwa? Akwai waɗanda yaro zai sa kuɗi ya sayi akwati bai san abin da ke ciki ba, in ya buɗe ko ya dace ko ya yi asara, sai ya sake saye. Wannan fa me sunansa? Ɗan maƙwabcina ya kwashe kuɗi a katin bankin uwarsa a kan irin wannan, shekararsa tara. Cacar da Hajiya ke tsoro ta riga ta shigo ɗakunanmu, ba ta jira takarda ba.

Malam Abu Huzaifa (Makka): Maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma ta fi ta farkon ƙarfi. Waɗannan akwatunan abin tsoro ne ƙwarai, iyaye da yawa ba su san da su ba. Amma shirya gasa ba hujja ba ne a shari'a, yawan masu yin abu ma ba hujja ba ne. Kuma kasancewar wani abu ya fi muni ba ya wanke na ƙasa da shi.

Ɗan Maiwurno (Jidda): Salam ga kowa. Mu a Sudan kotshina ake ce wa karta, manya na buga wist da konkan da harig, a kulob ko a gindin bishiya, musamman daren azumi bayan tarawihi. Na ga waɗanda ta ɓata, irin wanda Hajiya ta faɗa, na kuma ga dattawan da suka tsufa suna yi ba su taɓa sa ko sisi ba, ana kiran salla su tashi. Abin da na lura, majalisar ce ke gyara mutum ko ta lalata shi. Da wa ka zauna, me aka sa a tsakiya, yaushe ake tashi. Da yaƙi ya ɓarke a 2023 'ya'yan ƙanwata sun daɗe ba makaranta, ba wuta, ba fita. Tsohuwar kotshina guda, wadda ma wasu katunan sun ɓace, da ita uwarsu ta koya wa ƙaramin ƙirga har goma. Ban ga laifinta ba, Allah ya sani.

Malama Ummu Rayyan (Madina): To ga wata hanya, Malam ka duba mana. Wasan da na faɗa ba dole sai da kartar kanti ba. Kwalin madara ko na takalmi za ki samu, ki yanka shi daidai tafin hannun yaro, duk girmansu ɗaya, bayansu iri ɗaya don kar a gane. Ki rubuta alif biyu, ba biyu, ta biyu. Ko lambobi. Babbar ki ba ta alƙalami ta rubuta, mai shida ya shafa launi, autan ya jera. Yini guda ya tafi a yankan kaɗai, ba wanda ya tuna da jawwal.

Akwai ma wani amfani da ni na fi so. Yaranmu a makaranta lambobin Larabci suke gani, a waya da takardun gida kuma na boko. Biyar ta Larabci kamar sifirin boko take, shida ta Larabci kuma kamar 7. Na sha ganin yaro ɗan aji biyu yana rikicewa a nan. To ki rubuta ɗaya da Larabci, abokinsa da boko, sai yaro ya haɗa biyar da 5 kafin ya ci. Cikin wasa zai warware abin da bulala ba ta warware ba.

Malam Abu Huzaifa (Makka): Wannan ban ga abin cewa a kansa ba Malama. Kayan koyarwa ne. Babu surar sarki da sarauniya, babu kama da abin 'yan caca, kuma da ƙwaƙwalwa ake ci, ba da sa'a kaɗai ba. Yaro dole ya yi wasa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana har da doki mai fukafukai, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya bai hana ba. Abu uku dai nake roƙo: kar a sa komai a tsakiya ko da dabino ne, in an kira salla a tashi ko ana tsakiyar zagaye, kuma kar a bar yaro ya rantse da Allah a kan kati.

Ɗan Maiwurno (Jidda): Maganar surori ta tuna min. A gidan tarihi na Topkapi a Istanbul akwai tsohuwar karta ta zamanin Mamluk na Masar, alamunta kofi da tsabar kuɗi da takobi da sandar folo. Babu fuskar mutum ko ɗaya a jiki, sarki da mataimakinsa da rubutu aka nuna su. Turawa ne suka sa fuskoki bayan ta isa wurinsu.

Hajiya Babba (Makka, Shari' Mansur): Ko wa ya fara ta, ni dai ta kantin nan ba ta shiga ɗakina. Ta kwalin madara kuwa, mai alif da ba, wannan ai karatu ne.

Maman Hanan (Jidda): Na dawo da labari. Mun yanka kwali kamar yadda Malama ta ce, muka yi na lambobi. Abin mamaki autan ne ya fi kowa tuna inda kati yake. Sai ka ga ya sa yatsa a baki ya ƙura wa layin ido, can sai ya miƙa hannu ya ɗauko daidai. Amma ga matsala. Zagaye na uku Hanan ta ci, sai ya watsa katunan da ƙafa, ya kwanta yana birgima, wai ba ya yi. Yanzu in riƙa barinsa yana ci ne ko yaya? Babansu ya ce in riƙa yin kamar na manta.

Hajiya Babba (Makka, Shari' Mansur): To mene ne a ciki? Ɗan yaye ne fa. Ki bar shi ya ci, ran yaro ake nema. Duniya za ta koya masa faɗuwa, ba sai uwarsa ta fara ba.

Malama Ummu Rayyan (Madina): Hajiya, a yi min afuwa, a nan ban bi ki ba. Ba shi kaɗai ke zaune a wurin ba. Hanan na da shekara takwas, za ta gane sarai cewa Mama na gani tana kau da kai. Abu biyu za ta ɗauka: ana fifita auta, kuma ana iya murɗa wasa in an ga dama. Shi kuma autan in ya saba kullum shi ke ci a gida, ranar da ya shiga rauda, makarantar ƙanana, aka ci shi, wannan birgimar zai yi a gaban mutane, kuma can ba mai lallashinsa.

Abin da nake yi shi ne in ba ƙarami rangwame a fili, kowa na ji. Sai in ce, “Wane ƙarami ne, shi zai buɗe uku, mu biyu-biyu.” Ko in ce shi zai fara. Manyan ba sa ƙi in aka faɗa tun farko, har alfahari suke yi cewa su manya ne. In ya ci da rangwamensa, cinsa na gaskiya ne. In aka ci shi, ki bar shi ya huce, kar ki yi masa faɗa, kar kuma ki sake rabawa don ya daina kuka. Ki gajarta wasan, kati 12 minti kaɗan ne, kafin ransa ya gama ɓaci an shiga sabo. Kuma ke ma in aka ci ki, ki bari ya ga yadda kike yi. Ki ce “Masha Allah, kin fi ni yau,” ki tattara katunan kina murmushi. Da ido suke koyon wannan.

Malam Abu Huzaifa (Makka): Ina tare da Malama. A Sunan Abi Dawud akwai labarin Abdullahi ɗan Amir, yana ƙarami mahaifiyarsa ta kira shi ta ce zo in ba ka, Annabi (SAW) na gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Ban ce yin kamar an manta ƙarya ce kai tsaye ba, amma tunda ga hanyar da ba ɓoye-ɓoye, ita ta fi kwanciyar rai.

Baban Walid (Riyad): Ni ma da rangwamen nake yi. A Whot ina raba wa kaina bakwai, ƙaramin huɗu. Maganar riƙewa kuma, abin matse shanya na roba, shi nake matse masa katunan da shi daga ƙasa, su buɗe yadda zai ga kowanne. Cakuɗawa ma kar ki ce sai irin ta manya. A zube su a ƙasa a kife, kowa ya sa hannu a dama, sannan a tattara. Wannan wurin suka fi so.

Akwai wani wasan da mai shida zai ji daɗinsa. Ki raba katunan lambobi daidai, kowa ya kife nasa, a buɗe na sama tare, mai babbar lamba ya kwashe. In kin ɗiga ɗigo a jikin kowane kati daidai lambarsa, zai sa yatsa ya ƙirga ya gane da kansa cewa 8 ta fi 6.

Ummu Jana (Makka): Yaran maƙwabtanmu Larabawa na yin wani wai shi shayib. Ana cire sarakuna a bar ɗaya, shi ne shayib ɗin, kowa na zarar kati daga hannun na kusa da shi yana zubar da masu kama, wanda shayib ya kwana a hannunsa a yanke masa hukunci. Nawa sun dawo suna so in saya musu.

Malama Ummu Rayyan (Madina): Wasan kansa ba wuya, hukuncin ne ba na so ga ƙanana. Na ga inda aka ce a ɗalli kunne, ko a shafa wa yaro baƙi a fuska ana dariya. Wasan da aka gina a kan a ware mutum ɗaya a yi masa dariya, mai rauni a cikinsu ne kullum ke shan wuya. In dole sai sun yi, wanda ya rage da katin shi zai raba na gaba, iyakarta ke nan.

Ɗan Maiwurno (Jidda): Wani roƙo nake da shi, Maman Hanan. Da wane harshe kuke wasan? Mu Hausawan Maiwurno kakanninmu sun baro gida tun bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar, kuma har yau akwai Hausa a bakinmu, don a gida aka riƙe ta. A nan kuwa ina ganin yaran da ake yi wa Hausa suna amsawa da Larabci. Ki sa doka cewa a kan dardumar nan sai Hausa. Wanda ya buɗe kati ya faɗi lambar da baki, “bakwai”, ba “sab'a” ba. “Layinka ne.” “Na samu.” “Mayar ka kife.” Yaro na son ya ci, in cin na hannun Hausa zai yi ta.

Maman Hanan (Jidda): Wallahi ka taɓo inda ke min ciwo. Mai shidan nan in ya ƙirga da Hausa daga biyar sai ya tsallaka zuwa takwas, in kakarsu ta kira daga Zariya sai dai ya yi ta “aiwa, aiwa”. Yau da daddare za mu gwada.

Hajiya Babba (Makka, Shari' Mansur): Wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da ta kanti, kuma Baban Walid, Whot ɗinka ma ban sake da shi ba. In babbar ta gaji da haɗa lambobi, a koya mata dara. Gurbi talatin ne, layi biyar shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka cire na abokin wasa ɗaya. A kan kwali ake zanawa, wani ya ɗauki ƙwallon dabino wani ya ɗauki murfin kwalba. Ƙwallon dabino kuwa a ƙasar nan ba a saye.

Maman Hanan (Jidda): Hajiya ni ban iya dara ba, maza muke gani suna yi a ƙofar gida.

Hajiya Babba (Makka, Shari' Mansur): Mahaifina ne ya koya min, ba wuya. Duk Juma'ar da kuka shigo Harami ku biyo ta Mansur bayan la'asar, ki zo min da Hanan. Ki tara ƙwallon dabinon tun yanzu, ki wanke ki shanya, kar ki kawo min masu danƙo.